Laraba, ni da lissafin taki a tsakiyar hayaniya

Tun kafin takwas na isa ofis yau, da gangan na fito da wuri daga Tudun Wadan Zariya don in riga kowa, na samu napep har PZ na ƙarasa da ƙafa. Lissafin ƙarshen wata ne a kaina kuma oga ya ce kafin a tashi yake son ganinsa, ga damina ta kankama, dillalai da manoma daga Giwa da Soba da Kudan da Makarfi sai ɓarkowa suke sayen iri da taki. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya, teburi huɗu, fanka ɗaya, soket biyu, ɗayan ma sai an tokare shi da takarda yake kawo wuta.

Aikin nawa ba wahala gare shi ba, natsuwa yake so. In ɗauko risit ɗaya bayan ɗaya in gwada da littafin sito sannan in shigar a kwamfuta, buhun kamfa nawa ya fita, na yuriya nawa, dukkansu kilo 50 ne amma kuɗinsu daban. Wajen irin masara ne abin ya fi ɗaure kai, don waɗanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar duk sunansu ɗaya, SAMMAZ, lamba ce kawai ta raba su. Akwai SAMMAZ 15 akwai SAMMAZ 51, toh ka duba, mutum yana cikin kallon rubutun hannun yaron sito wani ya ƙwala kira a kansa, ai sai lambobin su juye. Kafin kowa ya zo na ci kusan kashi ɗaya cikin uku na risit ɗin, shiru, sai ƙarar tsintsiyar Baba masinja a baranda. Wallahi da za a bar ni a haka da kafin azahar na gama.

Malam ne ya fara shigowa. Shi ke riƙe da kuɗi, ya girme wa babana ma ina jin, mutumin kirki ne na gaske, ranar da mamata ta kwanta asibiti a Shika shi ya fara zuwa dubiya. Amma Malam bai san ana kara waya a kunne ba. Duk saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp sai ya buɗe sifika har ƙarshe, na guruf ɗin masallacinsu, na 'yan garinsu, na masu tallan maganin basir, wani minti bakwai wani minti goma, in ya ƙare kuma ya danna ya mayar da amsa da murya kamar wanda yake kiran wani a tsallaken titi. Tsakanin saƙo da saƙo ga goro, ƙaras ƙaras ƙaras. Yau har na san yadda rabon gadon wani gida ya kaya a Fagge ba tare da na tambaya ba.

Sai ɗan bautar ƙasarmu, shi kuma ƙafa. Teburinmu ɗaya da shi, in ya fara kaɗa ƙafa har linzamin kwamfutata rawa yake, hannunsa kuma na kan biro yana danna shi ƙyat ƙyat ƙyat, shi bai ma san yana yi ba. Direba na leƙowa suka ɗora musun ƙwallo daga inda suka tsaya jiya, Arsenal kaza Man U kaza, wai shekarar 2004 da Arsenal ta gama kaka ba a ci ta ba, yaron da a lokacin ko rarrafe bai fara ba shi ne yake rantsuwa. Shi dai nasa mai sauƙi ne don sa'an ƙanena ne, na ce kai malam ɗan bautar ƙasa, ƙafar nan taka da biron nan ɗaya ya huta mana, musun kuma ga inuwar darbejiya can a waje. Ya yi dariya ya ce yi haƙuri Anti, suka fita. Da ya dawo ya ɗauki cajata ba tambaya, na ƙyale shi, wannan rigimar wata rana ce.

Na Malam ne ba ya faɗuwa kai tsaye. Yaya za a yi in dubi dattijo mai furfura in ce rage ƙarar wayarka? Ko oga ba ya iyawa, balle ni. Kwanaki na sayi iyafis a kasuwar Sabon Gari na ce na huta, ashe sabuwar magana na jawo, kwastoma ya yi sallama ban ji ba, aka ce 'yar boko ta toshe kunne ana mata sallama, girman kai ya fara. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, amsa sallama ai haƙƙi ne, shi ya sa yanzu kunne ɗaya nake sawa, wanda kuma bai hana komai shiga ba.

Abin da ya cece ni yau shi ne Malam Bakano ne, ni kuma Bazazzagiya gaba da baya, kowa ya san wasan da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni. Da saƙo na huɗu ko na nawa ne ya tashi sai na ɗago na ce, Malam ku Kanawa dai duk inda kuka sauka sai kun kafa Kantin Kwari, yanzu ofis ɗin namu ma rumfa kuka mayar? Ya kwashe da dariya har goro na neman shaƙe shi, ya ce ji 'yar Zagezagi, mu da muka zo muka koya muku kasuwanci, ba don mu ba da har yanzu rake kuke sha a bakin ganuwa. Na ce toh ranka ya daɗe a taimaki bayi a rage sifika su ƙirga muku dukiyarku daidai. Ya ce an yi wa bayi afuwa, ya rage, har ya nemi yaron nan ya nuna masa yadda ake kara wayar a kunne saƙon ya koma ciki. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya ɓata rai. Na san jibi zai manta, amma yanzu ina da ƙofar da zan riƙa bi.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 oga ya kafa doka ba a tada janareto sai in za a buga takarda a firinta, don haka fanka ta tsaya, aka buɗe tagogi, hon ɗin napep da na 'yan acaɓa da wa'azin mai tura baro da lasifika duk suka shigo suka zauna da mu. Batirin kwamfutata ba ya wuce awa ɗaya da rabi, na rage hasken allo na ci gaba.

Hajiya ce matsalar da ban samo wa magani ba. Ita ce akawu, a takarda ita ce sama da ni, kuma ita ce uwar adashen kusan duk matan layin nan, ga atamfa da leshi da humra a ƙarƙashin teburi. Daga sha biyu baƙinta ke fara zuwa, wannan ta kawo zubi, waccan ta zo ganin kaya, a shimfiɗa turmi a kan fayil ɗina a ce 'yar nan duba mana wannan kalar za ta karɓe ta? A fesa humra a gwada, ɗaki ba fanka, ni kuma ƙamshi mai ƙarfi kaina yake sarawa. Ita ba Bakanuwa ba ce balle in yi mata wasa, 'yar cikin birni ce ta wajen Ƙofar Doka, ta san dangin babana kaf, in na ce uffan kafin magariba gwaggona ta ji cewa na yi wa Hajiya rashin kunya a gaban mutane. Kuma ina cikin adashen, kwasata wata mai zuwa ne. Sai na yi murmushi na ce kalar ta yi kyau Hajiya, na zare fayil ɗina a hankali daga ƙarƙashin atamfar.

Abin da ya fi ba ni haushi ba surutun ba ne ma, yankewar ce. In ina tsakiyar jera lambobi aka ce 'yar nan, ko sakan biyar abin ya ɗauka sai na koma farkon shafi, don ban yarda da inda na tsaya ba. Su a wajensu tambaya ɗaya ce kawai suka yi. Shi ya sa na fara sa rula a kan layin da nake, in ɗiga alamar fensir a kowane risit da na gama, ko an kira ni in na dawo ga inda nake.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci, Hajiya ta raka baƙinta bakin titi, na yi sallata a lungun kabad da sauri na koma kan aiki, ɗan waken da na aika Baba ya sayo min ma a rufe na bar shi. Wannan rabin awar ta fi min duk tsakiyar ranar amfani. A nan na gano buhu shida na yuriya da aka rubuta a matsayin kamfa, shi ya sa lissafin ya ƙi haɗuwa tun jiya. Na kira yaron sito ya duba ya ce haka ne, ranar mutane sun yi masa yawa.

Baba masinja da ya ga ina ta murza goshi ya ce 'yata, ɗakin ajiyar iri na baya ai akwai teburi da ba mai amfani da shi. Na leƙa, akwai taga, akwai soket mai aiki, sai dai warin maganin da ake cuɗa iri da shi ba zai bari a daɗe a ciki ba, kuma abin ba na wasa ba ne, guba ne. Na ce masa na gode Baba, bari dai in ga oga.

Ƙarfe huɗu da rabi na miƙa lissafin. Na ce ranka ya daɗe ina neman alfarma, ranakun ƙarshen wata a bar ni in riƙa zama a teburin da ke ofis ɗinka in ka fita zagayen dillalai, ban ambaci sunan kowa ba, na ce lambobin ne ke son shiru. Ya dube ni ya yi 'yar dariya, ya san komai ai, ya ce zai bar wa Baba makulli. Ma'aikatan jihar Kaduna tun Disambar 2021 kwana huɗu suke zuwa ofis, gobe Alhamis su sun gama mako, mu na kamfani har Asabar rabin rana. Hadari ya haɗo ta gabas lokacin da na fito, napep ya ƙara naira ɗari, kuma sai da na kai gida na tuna cajata tana jakar ɗan bautar ƙasa.