Talatar da Goggo ta zo da ƙafarta

Sai yanzu bayan isha'i na samu na zauna. Hazo ya sauko tun asuba, mutanen gari duk suna gona wajen roron wake, na ɗauka yau zaman hamma za mu yi a ɗan asibitinmu.

Ina jera kwalaben rigakafi a akwatin sanyi sai ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin, mai yawa har yana hawa kai. Ina ɗagowa na ga Goggo, ƙanwar babanmu, a bakin ƙofa. Matar da ta yi haihuwa tara, ko ɗaya ba a asibiti ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗosana a gefen benci kamar mai tsoron ɓata shi, ta ce, "'Yar nan, tura ƙofar."

Shekara shida ke nan da al'ada ta ɗauke mata. Tun azumin bara jini ya dawo, kaɗan-kaɗan. Ta aika aka tambayo malam hukuncin salla, ya ce jinin ciwo ne, ta yi ƙunzugu ta riƙa sabunta alwala. Abin da aka tambaye shi ya amsa, ban ga laifinsa ba. Babu dai wanda ya ce mata jinin da ya dawo bayan ɗaukewar al'ada na zuwa asibiti ne tun a ranar. Daga baya ruwa mai wari ya biyo, da ciwon ƙugu. Ta sha sassaƙe, ta sha na sanyi, ta sha na basir. Ni kuwa duk Juma'a ina ɗakinta, ina yaba turarenta, har cewa na yi ta sam min. Wannan ne ya tsaya min a rai yau.

Da kyar ta yarda ta hau gadon. Yadda aka koya mana, a shafa ruwan khal da auduga a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a haska da tocila. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In an kama shi a nan, akwai ɗan ƙarfe mai zafi da ake ɗorawa bai kai minti ba, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida. Na Goggo ya wuce nan, ko kwalbar ban buɗe ba. Tsiro ne ƙuru-ƙuru, auduga na taɓa shi ya fara jini.

Ta ce, "Daji ne ko?"

Na ce, "Goggo, ba ni da hurumin faɗa sai an ɗebi ɗan nama an duba a ɗakin gwaji. Amma ba na so mu kai mako ba mu je Kano ba."

Ta ce ai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, ana taɓa shi yake fusata. Tun ina yarinya nake jin wannan magana, kuma na san mafarinta: sai abu ya ci ya cinye ake kawo shi, a yi aiki, mai ciwo ya rasu, a ce ƙarfe ne. Na rubuta takardar tura ta Asibitin Malam Aminu Kano, ta ƙulle a bakin zane tare da goronta.

Bayan la'asar na je wurin Baffa, tunda a gidansa take tun rasuwar mijinta, kuma shi ne mai cewa a tafi. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar awaki. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, ya ce akwai buhun riɗi biyu, a kai kasuwa. A nan ya kamata in tashi. Amma bakina bai iya shiru ba, na kawo maganar jikarsa mai shekara tara, wadda ya hana a yi wa yayyenta allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa lokacin da aka fara ta a Oktoban 2023, Kano da Jigawa suna sahun farko.

Ya ajiye igiyar. "Ke ba a haife ki ba a 1996, ko kina goye. Ni ina Kano ina dako lokacin annobar sanƙarau."

Na san zancen. An gwada sabon magani a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban ce masa ƙarya yake ba, don ba ƙarya ba ce.

Na dai gaya masa abin da na sani. Ciwon nan wata ƙwayar cuta ke kawo shi, HPV, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 a ɓoye kafin ta zama sankara. Iri biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na ciwon. Da can allura biyu ko uku ake yi. Abin da ya sa yanzu ɗaya tak ake wa yaranmu, har da binciken da aka yi a Kenya da 'yan mata 2,275 masu shekara 15 zuwa 20, inda allura guda ta kare kashi 97.5 cikin ɗari daga waɗannan iri biyun. Abin da ya ba ni dariya lokacin da na karanta, waɗanda aka ware don a gwama sakamako da su rigakafin sanƙarau aka yi musu. Da na faɗa wa Baffa haka sai ya ce, "Ka ji kuma, sanƙarau dai." Sankara da sanƙarau, ko a asibiti sai na maimaita sau biyu kafin a gane wanne nake nufi.

Ya ce, "To su iyayen yaran Kenya an tambaye su?"

Tambayar da ta dace ke nan, ta fi ta wasu masu digiri. Na ce ƙa'idar yanzu ba a sa mutum a bincike sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda, ya sa hannu, kuma yana iya fita ranar da ya ga dama. Na ce kuma wannan allura ta wuce gwaji, tun 2006 ake yin ta. A Ingila an bi waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13, aka ga ciwon ya ragu a cikinsu da kashi 87 cikin ɗari. Mu kuwa a Najeriya, a 2020 kaɗai, mata kusan 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "A fara da Goggonki."

Da na dawo na kasa cin tuwo, na hau waya. Na sake karanta wani bincike da ya fito a 2024, na mata 500 masu wannan ciwon a Birtaniya, Meziko, Indiya, Italiya da Brazil. An ba rabinsu kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, na mako shida kafin a fara gashi da na'ura. Bayan shekara biyar, kashi 80 cikin ɗari na waɗannan suna raye, ɗaya ɓangaren kashi 72. Magungunan tsofaffi ne, ba sababbi masu tsadar tsiya ba. Na rubuta sunayensu a bayan katin Goggo, in likita ya ba ni fuska in tambaye shi. Wataƙila ya ce ke wace ce. Zan dai tambaya.

Buhun riɗi biyu ba zai kai mu ko'ina ba, Baffa bai sani ba tukuna. Gobe zan kira yayanmu na Kaduna, in kuma nemi a riƙe min aiki ranar Alhamis. Motar Kano bayan sallar asuba take tashi. Goggo ta ce in samo mata kujerar gefen taga, in kuma taho da leda da tsohon zane ta shimfiɗa.