Uba baƙo, ɗa ɗan gari

Mutumin Maraɗi ba ya ɗaukar Najeriya ƙasar waje sai ya tare a cikinta da iyali. Muddin kai kaɗai ne kake loda raguna a mota, ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ka ratsa Katsina da Kaduna ka sauke a karar Dei-Dei, kasuwar dabbobi ta Abuja, ka sayar ka koma, to gida kake. Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, ciniki ɗaya, sai dai a can jaka muke ƙirgawa a nan naira. Ni ma haka na daɗe ina yi kafin na kama ɗaki biyu da falo a bayan kasuwar, na ɗauko uwargida da yara.

Abin da ya fara nuna mini baƙuntata takarda ce. Na yi lakwal a Maraɗi har ƙarshen firamare, da Faransanci, kuma a Abuja wannan karatun bai iya karanta mini ko takardar kuɗin wuta. Yara kuwa cikin ɗan lokaci bakinsu ya kama Turanci, har da buroka ta 'yan unguwa. Sai ga shi babban ɗana ne ke tsaya mini a asibiti yana faɗa wa likita inda ke yi wa uwarsa ciwo, shi ke karanta yarjejeniyar haya, shi ke cike takardar banki ni kuma in sa hannu. Yaron da nake aike sayen kati, yau ina jiran ya gama karatu ya ɗago kai ya faɗa mini abin da aka ce.

A gidanmu ba a tambayar yaro abin da yake so ya zama. Kakana dillalin dabbobi ne, mahaifina ma haka, kuma ranar da aka ce in bar lakwal in bi shi kasuwa ban ji an zalunce ni ba, har yau ban ji ba. Ya san harkar ciki da waje. Yana ɗaga leɓen rago ya duba haƙora ya faɗi shekarunsa, ya shafa gadon baya ya san kiwon gida ne ko na daji. Da ya zaɓa mini hanya, hanyar da ya taka da ƙafarsa ya zaɓa.

Matsalar ta taso da yaron ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. A Nijar bayan firamare shekara 4 ake yi a zana jarrabawar BEPC, sannan 3 a zana ta BAC, wato ta kammala sakandare. A nan shekara 3 ce da 3, kuma a tsakiyarsu ake raba yara: kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Abin da yaro ya ɗauka a nan shi zai bi shi har WAEC, jarrabawar kammala sakandare, inda a lokacin ake neman kiredit 5 har da Turanci da lissafi, shi kuma zai yanke darussa 4 da zai zana a JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Wato yaro ɗan shekara 14 ko 15 ake sa wa gaba da zaɓin da zai iya rufe masa ƙofar likitanci ko ta lauya. Niyyata ita ce ya ɗauki kasuwanci, ya gama ya zo kara ya riƙe mini littafi. Ya zauna a bakin tabarma bayan isha'i, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in ka yarda kimiyya nake so. Harkar wuta nake son karanta." Ashe ya daɗe yana bin wani mai haɗa sola a unguwa ranar Asabar, yana riƙe masa tsani yana miƙa waya.

Yayana da ke Maraɗi ya ji labari, ya kira ni ta WhatsApp da faɗa. Ya ce Abuja ta lalata ni, tun yaushe ɗa ke faɗa wa uba abin da za a yi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce, "Yaya, gaskiya ne, amma a garin da babban ya sani." Ban faɗi haka don raini ba. Ikon da mahaifinmu ya yi a kanmu yana da tushe biyu, haihuwa da sani. Haihuwar tana nan, babu iyakar ƙasa da za ta ƙwace ta. Sanin ne na baro rabinsa a Jibiya. In na dage sai na zaɓa wa yaro darasin da ban san sunansa ba, don kawai kada a ce ban isa da gidana ba, girmana nake karewa da rayuwarsa.

Kuma ita sana'ar da nake son gadar masa, na ga yadda take rawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024. Watannin nan dabba ba ta ƙetarowa sai ta ɓarauniyar hanya da tsada, mu da muka dogara da kayan gida muka zauna a rumfa muna kallon juna. Yaron kuwa a lokacin yana shigowa da ɗan abin da maigidansa ya sallame shi, ya damƙa wa uwarsa a ɓoye don kada in ji nauyi. Na sani, ban nuna na sani ba.

Na bar shi ya ɗauki kimiyya. Amma kada wani ya ɗauka na sakar wa yara ragama, don ina ganin gidajen da aka yi haka a garin nan kuma ba na sha'awarsu. Wayar hannu ba ta kwana a ɗakin yara, a hannuna take kwana. Islamiyya ba a shawara a kanta. Abokin da ban san gidansu ba, ba ya wuce ƙofa. A cikin gida Hausa ake yi, don ba zan kai jikoki gaban tsohuwata a nemi tafinta ba. Waɗannan abubuwa na san su a Maraɗi, na san su a Abuja, kuma kukan yaro ba ya sauya su.

Abin da ya fi nauyi yana gaba. Yaya ya fara zancen haɗa ƙanwar yaron da ɗansa, auren zumunci irin wanda aka yi mana. Ina son zumuncin, ɗan nasa ma na yaba da hankalinsa. Sai dai yarinyar a nan ta yi wayo, tana aji biyu na babbar sakandare, kuma malamin da ke mana karatu a masallacin kasuwa ya sha maimaita cewa budurwa ana neman izininta, har Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Na sa uwarta ta tambaye ta a ɗaki, su biyu. Ta ce a bar ta ta gama makaranta tukuna, sannan tana son su yi magana da shi da bakinta.

Haka na isar wa Yaya, ban ƙara ban rage ba. Ya yi shiru, ya ce za mu yi maganar in na zo da Babbar Sallah. Na ce masa da yarinyar zan zo.