Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙashin da Ke Kwance Ƙarƙashin Harra

Makon jiya na yi alkawarin bayanin inda ake samun ƙasusuwan da suka rikiɗe suka zama dutse. Yau za mu ɗan ajiye labarina, mu shiga aikin kansa.

Duwatsun da suka kewaye Makka, kada ka wahalar da kanka a kansu. Sun haura shekara miliyan 540, galibinsu wuta ce ta dafa su, babu ƙashi ciki. Abin nema yana cikin shimfiɗun yashi da laka da suka kwanta a kansu daga baya, musamman wanda masana suke kira shimfiɗar Shumaisi. E, Shumaisin nan da mutanenmu na Makka da Jidda suka sani, wasu ma ba don daɗi ba. A tsakiyarta akwai jan dutse mai ƙarfe, ƙwayoyinsa kamar gero. A cikin wannan shimfiɗa, a Harrat al-Ujaifa, aka tsinci ƙoƙon kan wani dangin biri a 2009, aka raɗa masa suna Saadanius hijazensis. Shekarunsa miliyan 28 zuwa 29.

Ƙashin bai faɗi shekarunsa ba, maƙwabtansa ne suka tona. Baƙin dutsen harra, wato dutsen aman wuta, da ya malalo ya rufe shimfiɗar ƙanenta ne, haka ma wanda ya tsaga ta ya ratsa. Shekarunsu ake aunawa a ɗakin gwaji.

Inda sababbin hannu suke tafka kuskure shi ne guntun ƙashin da suka gani a gindin tudu. Ruwa ne ya gangaro da shi, ba nan ne gidansa ba. Sai ka bi guntayen kana hawa har inda suka yanke, to shimfiɗar da ta haife su tana daidai nan. Daga ƙasa ake awo da sanda mai mita 1.5, ana rubuta kaurin kowace shimfiɗa, launinta da inda ta karkata. Karkatar nan kada a raina ta: buɗewar Bahar Maliya ta farfasa yankin, shimfiɗa guda kan tsinke, ka same ta can ƙasa a tudun gaba. Kafin a taɓa ƙashi, a ɗauki hotonsa a makwancinsa, a ɗiga masa gam mai ruwa ya sha.

Mako mai zuwa za mu haura Tuwaiƙ, kusa da Riyad, inda murjanin teku yake a kan tsauni.