Inta-haus ɗin makarantarmu a Jos

Jiya na raka ƙanina tsohuwar sakandarenmu ta gwamnati, wallahi da kyar na gane wurin. Lokacinmu bulo uku ne kawai da ofishin firinsifal, yanzu azuzuwa sun cinye har inda muke buga langa a bayan lab, aji ɗaya ma sai ka ga yara sun cika maƙil wasu a kan taga suke zama.

Amma fili yana nan, jar ƙasa da duwatsu, ka faɗi sau ɗaya gwiwarka ta ba da labari. A nan ake inta-haus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, duk shekara, gida huɗu, ja da kore da shuɗi da rawaya, ni ɗan kore ne kuma har gobe ina cewa an cuce mu a rile, tseren nan na miƙa sanda. Sati biyu ana fareti da sassafe cikin sanyin nan na Jos, hazo ko'ina, leɓe duk ya tsage, malamin wasanni da usur a baki yana "kai yaro ɗaga ƙafa!"

Ƙwallo kuwa ba a magana, garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa ai kowane yaro gani yake shi ne na gaba. Da Plateau United ta ci kofin lig a 2017 ƙanina kwana ya yi da jesi a jikinsa.

Yanzu har 'yan mata sun kafa tim ɗinsu, na tarar suna atisaye, golarsu ta fi tamu ta da kamu nesa ba kusa ba.