Daga Perth zuwa Sidni a jirgin ƙasa, gabanin gasar zari-ruga ta 2027

Ranar 1 ga Oktoba 2027 za a buɗe gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a Perth, a rufe ta a Sidni ranar 13 ga Nuwamba. Ƙasashe 24, wasanni 52, birane bakwai na Ostiraliya. Na so in ga tazarar da ke tsakanin filayen nan da idona, shi ya sa na hau jirgin ƙasan Indian Pacific mai cin kilomita 4,352.

Filin Perth, wanda aka buɗe a 2018, yana bakin kogin Swan, yana ɗaukar mutum 60,000. Da ƙafa na isa ta gadar Matagarup. Gini ne na gani na faɗa, sai dai zagayayye ne, don kurket da ƙwallon gargajiyar ƙasar aka tsara shi, saboda haka mai kallon zari-ruga zai ɗan yi nisa da 'yan wasa.

Daga nan jirgi ya nausa gabas. A dajin Nullarbor akwai inda layin dogo ya miƙe sambal har kilomita 478 babu kwana ko ɗaya. Ba bishiya, ba gida, sai jar ƙasa da gajerun ciyayi har iya ganinka. Na yi salla a zaune, na yi barci, na farka, tagar ba ta sauya ba.

Adelaide ce ta fi taɓa ni. A filinta har yanzu da hannu ake sauya lambobi a tsohon allon maki na 1911. A filin nan ne Ostiraliya ta lallasa Namibiya da ci 142 da nema a gasar 2003, abin da har yau yake min ciwo a matsayina na ɗan Afirka. A wannan karon Namibiya ba ta samu gurbi ba. Zimbabuwe ce ta doke ta 30 da 28 a Kampala a 2025, za ta dawo gasar da rabonta da ita tun 1991, ta wakilci Afirka tare da Afirka ta Kudu mai riƙe da kofin. Kafin in bar garin na yi Azahar a masallacin da masu raƙuma 'yan Afganistan suka gina wajen 1888.

A Sidni na je babban filin da aka gina don wasannin Olamfik na 2000, mai ɗaukar sama da mutum 80,000, inda Jonny Wilkinson ya ci wa Ingila kofi a ƙarin lokaci a 2003. Can za a yi wasan ƙarshe. Tunanina dai yana kan magoya bayan Zimbabuwe: bayan kuɗin zuwa daga Harare, duk wasan da aka kai wani birni mai nisa sai sun sake sayen tikitin jirgin sama, domin a cikin biranen gasar, Townsville kaɗai ta fi kilomita 1,000 daga Brisbane.