Ranar da na haɗa khal da bilic a bokiti ɗaya

"Ki zuba wannan a ruwan goge ɗaki, maƙwabta za su roƙe ki sirrin." Kanun da na gani ke nan a Facebook, da hoton tayil yana ɗaukar ido kamar madubi. Lokacin hunturu ne, ƙura ta ishe ni, ga auta ya fara rarrafe. Na danna.

Sai da na wuce talla kan talla, na maganin ƙiba da na caca, kafin sirrin ya fito. Wai khal ne, rabin kofi. Khal ɗin da ke kicin ɗina!

Ni kuwa dama ba na goge banɗaki da falo ba tare da bilic ba. Shafin bai ce a haɗa ba, gaskiya, amma bai ce kar a haɗa ba. Na zuba bilic kamar kullum, na bi shi da khal, har da ƙari don ya fi aiki. Tagogi duk a rufe saboda ƙura.

Ban kai rabin falo ba maƙogwarona ya fara zafi. Idanu suna ruwa, tari ya sarƙe ni, ƙirji kamar an ɗora dutse. Na yar da mofa, na sunkuci yaro na yi tsakar gida. Allah ya taimake ni yana can ɗaki yana barci, ba a ƙasan falon ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ƙanena da ke karatun kimiyya na kira. Ya ce, "Yaya, iskar kulorin kika haɗa fa, iska ce mai guba. Bilic in ya gamu da abu mai tsami, khal ko lemun tsami ko wasu magungunan wanke masai, ita yake fitarwa. Ita Jamus ta saki kan sojoji a Beljiyam a 1915, kuma ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya." Ƙasa, inda ɗana ke rarrafe.

Abin haushi, gargaɗin yana rubuce a bayan robar bilic ɗin, ban taɓa juyawa na karanta ba. Su masu shafin sun ci kuɗin tallarsu da dannawata, ni na kwana biyu murya a dashe.

Tayil ɗin ma bai yi wani ƙyalli ba. Maigida ne ya toshe hanci ya shiga, ya buɗe tagogi, ya fitar da bokitin.