Abin da bangon ɗakin baya ya faɗa

Sammako muka yi, ni da ƙanin mahaifina, muka nufi tsohon gidan kakanmu, wanda gobara ta cinye rabinsa tun ba a haife ni ba, don mu gano inda wutar ta tashi. A hanya Baffa ya maimaita labarin yadda kowa a zuriyarmu ya haddace shi: wai gwaggonmu ce, tana yarinya, ta bar fitilar kalanzir kusa da labule, barci ya kwashe ta. Da wannan tabo ta tsufa. A jakata akwai tef ɗin awo, tocila, doguwar ƙusa, littafi, da waya don naɗar muryar tsofaffi.

Da hantsi muka isa. An sake gina gaban gidan, amma ɗakuna biyu na baya kwano kawai aka ɗora musu, ba filasta ba fenti, ana jibga tarkace a ciki. Wannan sakaci ya yi mana rana, don da ruwan sama ya samu bangon, da tuni ya wanke kunkunniyar.

Wuta sama take yi tana buɗewa, shi ya sa takan bar zane a bango, ƙasa tsini sama faɗi, kamar mazurari. Tsinin ake nema, don shi kan nuna inda wutar ta tashi. A ɗakin Gwaggo babu shi. Baƙin ya sauko ne daga rufi ya tsaya daidai kafaɗa, layi a miƙe, ƙasan bango kuwa fes. Aikin hayaki ke nan, wanda ya shigo daga wani wuri ya taru ta sama. Na ce, "Baffa, da daga nan ta tashi, ai da mun ga ƙuna a gindin taga, inda labulen yake." Ya haska tocila, ya daɗe yana kallo.

A ɗakin ajiya da ke manne da shi muka sami mazurarin, a kusurwa, tsininsa a kan wani tsohon soket. Na soka ƙusa a katakon ƙofa har ta tokari lafiyayyen itace: gawayin ya kai milimita 20, alhali na ƙofar Gwaggo bai wuce 3 ba. A wuta mai ƙarfi katako kan zama gawayi kimanin milimita 0.6 zuwa 0.8 a minti ɗaya, wato ƙofar ɗakin ajiyar ta yi wajen rabin awa tana ci. Kirdado ne dai, domin irin itacen da danshinsa da yawan iska duk suna canza lissafin. Amfanin awon shi ne gwada wannan wuri da wancan.

Da muka kau da tarkace muka tone dandaɓen, sai ga dunƙulen alminiyam da ya narke ya daskare. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na Selsiyos. Wayar jan ƙarfe kuwa, mai buƙatar digiri 1,085, tana nan yadda take, sai dai bakinta ya yi ɗan ƙulli kamar dutsen ado, alamar tartsatsin lantarki. Baffa ya tafa hannu, ya ce shi ke nan, waya ce. Na ce ya yi haƙuri tukuna. Gobarar da ta taso daga wani wuri ma, in ta cinye robar waya, sai wayoyin su haɗu su yi irin wannan ƙullin. Kuma idan zafin hayakin da ke ƙarƙashin rufi ya doshi digiri 600, komai na ɗakin kan kama lokaci guda, daga nan ƙuna ta fi bin inda iska ke shigowa, zanen bango ya iya ruɗar mutum. Ƙwaƙƙwarar shaidarmu ita ce ɗakin Gwaggo bai taɓa kai wannan zafi ba.

Bayan la'asar muka zaga maƙwabta biyu da suka ga abin da idonsu. Ɗaya bayan ɗaya muka zauna da su, don in aka haɗa tsofaffi wuri guda, mai ƙarfin murya ke gyara wa saura tunani. Ba a tambayar wa ya jawo. Ana tambayar ina kike tsaye, me kika fara ji, me kika fara gani. Tsohuwar ta ce ƙaurin roba ne ya tashe ta. Dattijon ya ce da aka ɓalle ƙofar ɗakin ajiya sai wutar ta yi ruri ta yo waje. Iska aka ba ta ba a sani ba.

Shi ne kuma ya ce a sume aka fito da Gwaggo. Hayaki ya fi harshen wuta kisa a gobarar gida, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikinsa tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya, ta gigita mutum har ya manta abin da ya gabata. Da ta farfaɗo aka ce mata fitilarta ce, ba ta da abin musu.

Na ɗauki hoton bango huɗu na kowane ɗaki da tef a jiki, na zana taswirar gidan, na rubuta awon. Muna kama hanyar komawa Baffa ya ce wa direba, "Ka biya da mu gidan Yaya, ko dare ya yi."